Yadda ɗan Yamai ko Tawa zai ziyarci majami'ar Notre-Dame ta Paris ya ci moriyar ranarsa

Kowace shekara akwai mutanenmu na Yamai da Tawa da tafiya ke kaiwa Paris: ɗalibi, ma'aikacin da aka tura taro ko horo, ɗan kasuwa, Hajiyar da ta je ganin jikoki. Galibinsu hasumiyar Eiffel suke nufa, su ɗauki hoto su koma masauki. Majami'ar Notre-Dame kuwa, wadda aka aza tubalinta a 1163, sama da shekara 700 kafin waccan hasumiya, sai dai su hange ta ta tagar mota. Waɗanda suka je ma, da yawa suna dawowa da ƙorafi iri ɗaya: layi ya cinye musu safiya, an maido su daga ƙofa saboda jaka, ko sun shiga sun fito cikin minti 10 ba su san abin da suka kalla ba. Duk wannan yana da magani, kuma maganin yana farawa ne daga gane abu guda. Notre-Dame ba gidan tarihi ba ce irin Musée National Boubou Hama na Yamai. Gidan ibada ce mai aiki kullum, tana da lokutanta da ladubbanta, kai kuma baƙo ne a cikinta.

Notre-Dame katedral ce. Katedral ita ce majami'ar da kujerar bishop take, wato uwar majami'un Katolika na wani yanki. Sunan ma daga kalmar da ke nufin kujera ya samo asali. A Yamai muna da tamu a tsakiyar gari, Notre-Dame du Perpétuel Secours, wadda ta zama mazaunin bishop a 1961, aka ɗaukaka yankin zuwa na babban bishop a 2007. Mai riƙe da kujerar shi ne Laurent Lompo, ɗan ƙasa na farko da ya hau ta. Wanda bai taɓa shiga majami'a ba, shawararmu ya fara da wannan kafin tafiya. Ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma tsarin ɗaya ne: ƙofa, kujerun masu ibada, bagade, wato teburin ibada, a gaba, kujerar bishop a gefe. Ba a sayar da tike a nan. Ka je ranar aiki, ka gaida mai gadi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini a ofishin majami'ar. Limami ana ce masa Mon Père, mace mai hidima Ma Sœur, bishop kuma Monseigneur. Kada ka ɗaga salula ka ɗauki hoto sai an ce maka ka ɗauka. Game da hukuncin shigar Musulmi majami'a don kallo, malamai sun yi maganganu mabambanta, musamman saboda hotuna da mutum-mutumi. Mai shakka ya tambayi malaminsa tun yana gida.

Zaɓen rana da sa'a

Ranakun aiki ana buɗewa gab da ƙarfe 8 na safe, a rufe 7 na yamma, ban da Alhamis da ake kaiwa 10 na dare. Asabar da Lahadi daga 8:15 ne zuwa 7:30. Ana daina shigar da mutane rabin sa'a kafin rufewa. Bukukuwa da jana'izar manya kan sauya wannan tsari, don haka ka leƙa shafin majami'ar na intanet a daren da za ka wayi gari ka je.

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne safiyar ranar aiki, daga buɗewa zuwa wajen ƙarfe 10, kafin motocin ƴan yawon buɗe ido su fara sauke mutane. Daren Alhamis ma akwai sarari, sai dai ba za ka ga tagogin gilashi yadda suke ba, domin hasken rana ne ke raya su. Da dare baƙaƙe suke. Wannan ne kuskuren masu zuwa a watan Disamba: a lokacin rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5, mutum ya gama sayayya ya iso 4:30, ya tarar da duhu. A watan Yuni kuwa haske na kaiwa kusan 10 na dare. Safiyar Lahadi ta masu ibada ce, ana yin mes, wato ibadar jam'i ta Katolika, ɗaya bayan ɗaya har tsakar rana, zirga-zirgar masu kallo kuma tana taƙaita. Haka makon Ista, da Kirsimeti, da 15 ga Agusta, ranar babban bikinsu na Maryamu. In kallon gini ya kai ka, ka kauce wa waɗannan.

A kula da agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Paris da na Nijar ɗaya ne. Sauran shekara Paris na gaba da sa'a 1. Wanda ya bar agogon hannunsa a lokacin Yamai zai makara ya rasa wurin da ya kama.

Shiga kyauta ce

Wannan magana a riƙe ta da kyau. Ginin mallakar gwamnatin Faransa ne, an bar wa Katolika su yi ibada a ciki, kuma ba a biyan ko sisi don shiga. Duk wanda ya tare ka a titi, ko wani shafin intanet da ya ce zai sayar maka da tiken shiga ba layi, kuɗinka kawai yake so. Abin da ke akwai shi ne kama lokaci kyauta a shafin majami'ar na ainihi ko manhajarta. Ana sakin guraben ne kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, wasu ma a ranar, saboda haka ba amfani ka fara nema tun kana Yamai wata guda kafin tafiya. In ka samu, za a turo maka lambar QR. Ka ɗauki hotonta ka adana a salula, domin layin Nijar a Faransa ko dai ba ya kawo intanet, ko yana cinye kuɗi cikin minti kaɗan. Mutane da yawa a bakin ƙofa suke gane haka.

In ba ka samu gurbi ba, kada ka fasa. Akwai layin marasa rajista, kuma tsawonsa kan ba da tsoro fiye da yadda yake, domin yana tafiya. Tsofaffi masu wahalar tsayuwa, masu keken guragu da mata masu ciki su nufi ma'aikatan ƙofa kai tsaye su yi bayani.

Abubuwa uku ne na kuɗi: hawa hasumiyar majami'ar, ɗakin ajiyar kayan alfarma da suke kira Trésor, da kufan tsohon gari da ke ƙarƙashin filin gaban majami'ar. Euro 1 sefa 656 ne, lissafin bai canzawa. Ka riƙe katin banki, ko ka tafi da wanda ke da shi, domin tiken hasumiya ta intanet ake saye.

Hanya

Majami'ar tana kan tsibiri ne a tsakiyar kogin Seine, Île de la Cité. Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, jirgin ƙasa RER B na kai ka tashar Saint-Michel Notre-Dame ba tare da sauyi ba, cikin minti 40 ko ƙasa da haka. A 2025 kuɗinsa euro 13 ne, kusan jika 8 da rabi. Amma kada ka zarce can da akwatinka, za mu zo kan dalili. Wanda ya sauka wajen Château Rouge, Barbès ko Gare du Nord, inda ƴan Afirka ta Yamma suka fi yawa, ya hau metro layi na 4 mai zuwa kudu ya sauka a Cité. Daga nan tafiyar minti 3 ce a ƙasa. Layi na 1 da na 11 suna tsayawa a Hôtel de Ville, sai a haye gada. Tiken cikin gari a 2025 euro 2.50 ne, sefa 1,640. Kowane mutum da nasa, kuma a bi ta ƙofar na'ura da shi. Mutum biyu su matsa su wuce da tike ɗaya, tara ce mai zafi in masu bincike suka tare su a ciki.

A metro da filin gaban majami'ar akwai ƴan sane. Salula da fasfo kada su kwana a aljihun gefe na babbar riga, wanda bakinsa ke buɗe. Sa su a aljihun ciki. Masu zuwa da takarda su ce ka sa hannu don taimakon nakasassu, da masu son ɗaura maka zare a wuyan hannu, ka ce musu non merci ka ci gaba da tafiya.

Sutura da abin da ke cikin jaka

A nan ne al'adarmu ke juyewa. A masallaci takalmi ake cirewa a bar hula. A majami'a namiji hula yake cirewa ya bar takalmi. Alhaji ya naɗe hularsa ya riƙe a hannu tun daga bakin ƙofa, kafin ma'aikaci ya yi masa magana. Mace ba a ce ta cire ɗankwali ko hijabi ba, rufe kai a wurin abu ne sananne. Abin da doka ta hana a duk faɗin Faransa tun 2011 shi ne rufe fuska a wurin jama'a, kuma tarar na iya kaiwa euro 150. Wannan ya shafi niƙabi, mai rawani ma kada ya ja amawali ya rufe baki da hanci. Mutanen Azawak da suka saba da haka su kula. Babbar riga, jallabiya, zane da lufaya duk sun dace, domin abin da ake so shi ne a rufe kafaɗa da cinya. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyin waje na sauka ƙasa da digiri 10, sau da yawa da yayyafi, kuma a fili ake bin layi. Rigar sanyin da ke isar mutum a hunturun Tawa ba ta isa a nan. A sa safa da takalmi rufaffe.

Ana binciken jaka da na'ura a ƙofa. Ba a shiga da akwati ko babbar jaka, kuma babu wurin ajiya. Wanda ya zo da kayan tsarabarsa na Château Rouge zai tsaya waje yana gadinsu, ƴan uwansa su shiga. A bar ƴar wuƙa, almakashi, reza da kwalabe a masauki. Ba a ci ba a sha a ciki, har da goro da cingam. Ka kama ruwa ka yi alwala kafin ka fito, domin ba wurin yin haka a majami'ar. Ruwan da za ka gani a kwanon dutse kusa da ƙofa na ibadarsu ne, suna tsoma yatsa su yi alamar gicciye. Ba na sha ba ne, ba na wanke hannu ba.

Minti 15 a waje kafin ka shiga

Yawancin mutane suna duban salula a layi, alhali rabin abin kallon yana gabansu. Fuskar ginin yamma take kallo. Da safe rana na bayan hasumiyoyin, hoto ya fito da duhu. Bayan azahar ne hasken ke sauka a kan dutsen. Wanda ya shiga da safe sai ya ɗauki hotonsa na waje in ya dawo da yamma.

Hasumiyoyin biyu tsawonsu mita 69. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ke nan kowace ɗaya ta ninka ta sau biyu da rabi. Siririn tsinin da ke tsakiyar rufi ya kai mita 96. Ƙofofi uku ne. Ta hagu ta Maryamu ce, ta dama ta mahaifiyarta Hannatu, kuma sassaƙar da ke saman wannan ta dama ita ce mafi tsufa, an ɗauko ta ne daga ginin da ya riga wannan. Ta tsakiya ta ranar hisabi ce, kuma ita ce ɗan Nijar zai fi saurin karantawa. A ƙasa matattu na tashi daga kaburbura. A samansu mala'ika Mika'ilu na riƙe da mizani, wani shaiɗan na ƙoƙarin danne gefe ɗaya. Ana kora wasu cikin sarƙa, wasu kuma sun nufi ni'ima. An sassaƙa wannan ne don mutanen da ba su iya karatu ba.

Sama da ƙofofin akwai jerin mutum-mutumi 28 na sarakunan Yahuza. A 1793, lokacin juyin juya hali, aka ɗauke su a matsayin sarakunan Faransa, aka sauke su aka sare kawunan. Waɗanda kake gani na ƙarni na 19 ne. An tono kawunan asali da yawa a 1977, suna gidan tarihi na Cluny, tafiyar minti 10 daga nan. Wata ƴar shawara kan harshe: in kana tare da Kirista mai jin Hausa, ka ce mutum-mutumi, kada ka ce gunki. Kalmar tana yi musu zafi, domin su ba sa ɗaukar kansu masu bautar sassaƙa.

A ciki

Da ka shiga, kada ka tsaya a bakin ƙofa, mutane na bayanka. Ka matsa gefe, sannan ka ɗaga kai. Tsawon ginin mita 127, rufin tsakiya kuma mita 33 daga ƙasa, wato hasumiyar Agadas za ta tsaya a ciki ba ta taɓa sama ba. Wanda ya san soron gargajiya, ko ya taɓa shiga masallacin Yaama na jihar Tawa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, zai gane dabarar nan take. Bakan gizo ne. Jijiyoyi suna tashi daga ginshiƙai su haɗu a sama, su ne ke ɗauke da nauyin rufi, abin da ke tsakaninsu cikon fili ne. Maginanmu da azara da ƙasa suke yi, waɗannan da dutse. Bambancin shi ne bakan nan mai tsini ne a sama, kuma baka mai tsini ya fi tura nauyi ƙasa maimakon gefe. Sauran turin da ya rage, an miƙa shi waje zuwa wasu madogarai da za ka gani daga baya. Da bango ya huta da ɗaukar nauyi, sai aka huda shi aka sa gilashi. Duk hasken da ke cikin ginin daga wannan dabara ya fito.

Farin da dutsen ya yi sabo ne. Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye katakon rufi da dalmar da ke kansa, tsinin ya faɗo ya huda rufin dutse. Aka tara gudummawa sama da euro miliyan 800, kafintoci suka sassaƙa sababbin itatuwa da gatari kamar yadda na farko suka yi, aka wanke bango daga ƙurar dalma da hayaƙin ɗaruruwan shekaru. An sake buɗewa 7 ga Disamba 2024. Wanda ya taɓa zuwa kafin gobarar ya san ta da duhu, yanzu ba haka take ba.

Zagayen hanya ɗaya ce: ka bi ta hagu, wato arewa, ka kewaya ta bayan bagade, ka dawo ta dama. Kada ka yi gaba da gaba da jama'a, kuma abin da ka wuce da wuya ka komo masa, don haka ka kalla da kyau tun farko. Ƙananan ɗakunan addu'a na gefen hagu an sa musu sunayen da ka sani: Nuhu, Ibrahim, Musa, Ishaya, Dawuda, Sulaimanu, Iliya. Manyan zane-zanen da ke rataye a ɗakunan, ƙungiyar maƙeran zinariya ta Paris ce ke ba da su kyauta a watan Mayu, daga 1630 zuwa 1707.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne mahaɗar gicciye, domin ginin siffar gicciye gare shi in an dube shi daga sama. A nan tagogi biyu masu da'ira suke fuskantar juna, kowace faɗinta kusan mita 13. Ta arewa ta wajen 1250 ce, kuma mafi yawan gilashinta na asali ne. Shuɗi da shunayya suka rinjaye ta, tana da Maryamu da jaririnta a tsakiya, annabawa da sarakuna kewaye da su. Rana ba ta cika dukanta kai tsaye ba, shi ya sa haskenta a kwance yake duk yini. Ta kudu, wadda sarki Louis na 9 ya bayar, ta sha gyara, ja ya fi yawa a cikinta, kuma tsakar rana ne take ci kamar garwashi. Launin ba fenti ba ne a kan gilashi. Tun yana narke ake zuba masa sinadarin ƙarfe, sannan a yanka shi gutsi-gutsi a haɗa da zaren dalma. Shi ya sa shekara sama da 750 bai koɗe ba. Duka tagogin nan sun tsira daga gobarar.

In za ka ɗauki hotonsu, ka kashe filashi, an hana shi kuma ba ya amfanin komi. Salula na auna duhun ɗaki ne, sai tagar ta fito fari fat. Ka taɓa tagar a kan allo, ka ja hasken ƙasa har launuka su bayyana, ka riƙe numfashi ka danna. Ba a kafa sandar ɗaukar hoto. Kiran bidiyo na WhatsApp don nuna wa mutanen gida, wanda shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, ka bar shi sai ka fito. Magana ƙasa-ƙasa ake yi.

Kusa da nan, a jikin ginshiƙi, akwai mutum-mutumin Maryamu na ƙarni na 14 wanda duwatsu suka zubo kewaye da shi ranar gobara bai karye ba. Za ka ga mutane a durƙushe gabansa, ka bar musu fili. Bangon da ya kewaye wurin limamai yana ɗauke da sassaƙa mai launi ta ƙarni na 14, labarin Isa daga haihuwa bisa yadda Linjila ta kawo shi. A can ƙarshe akwai farin dutse na Maryamu rungume da ɗanta, aikin Nicolas Coustou, da sarakuna Louis na 13 da na 14 a durƙushe gefe da gefe. Ɗakin da ke tsakiyar baya shi ne ma'ajiyar rawanin ƙaya da Kiristoci ke girmamawa, wanda Louis na 9 ya kawo Paris a 1239. Kafin ka fita ka juya ka kalli saman ƙofa: babban abin kiɗansu ne mai bututu kusan 8,000. Wuta ba ta ci shi ba, amma sai da aka kwance shi ɗaya bayan ɗaya aka wanke. Duka zagayen, in ba gaggawa, minti 45 ne zuwa sa'a 1.

In ibada ta riske ka

Ranakun aiki ana mes da ƙarfe 8 na safe, 12 na rana da 6 na yamma. Ba a korar masu kallo, amma kujerun tsakiya na masu ibada ne. Kana iya ci gaba da zagaye ta gefe cikin shiru, ko ka zauna a baya ka saurara. Ba dole ka durƙusa ko ka yi alamar gicciye ba, ba wanda zai dube ka. Abu ɗaya ne kada ka yi: in mutane suka tashi suka yi layi zuwa gaba, jibin Ubangiji za su karɓa, kuma na ƴan Katolika ne kaɗai. Baƙo kan ga layi ya bi, a sa masa farin waina a hannu ya rasa yadda zai yi da ita. Ka zauna a wurinka. Kwandon da ake zagayawa da shi na sadaka ne, ganin dama. Kyandir ma haka, mai so ne ke biya ya kunna. Ɗakunan da ka ga limami zaune da mutum ɗaya suna magana, wurin furta zunubi ne, ba a leƙe ba a hoto. Kada ka haye igiyar da ta kewaye bagade, kada ka bar yara su yi gudu, kada ka shimfiɗa darduma a wata kusurwa don lokacin salla ya yi.

Hasumiya da bayan gini

An sake buɗe hasumiyoyin a Satumba 2025, tike euro 16 a lokacin, kusan jika 10 da rabi. Wata hukumar gwamnati ce ke kula da su, ba majami'ar ba, saboda haka shafin saye daban, ƙofa daban, kuma dole a kama lokaci tun kafin a zo. Matakala sun haura 400, masu murɗewa ne, wasu wurare ƙunci gare su, babu na'urar hawa, babu makewayi. Mai ciwon zuciya, hawan jini mai tsanani, ciwon gwiwa ko jiri ya haƙura. Mai babbar riga ya tattare ta, mai zane ta ɗaura shi sama da idon sawu, silifa kuma ba ta yi. A sama za ka ga Emmanuel, ƙararrawar ƙarni na 17 mai nauyin kusan tan 13, da dodannin dutse masu leƙen gari. Dodannin ado ne da masanin gini Viollet-le-Duc ya ƙara lokacin babban gyaran da ya fara a 1844. Masu dogon wuya da buɗaɗɗen baki da ke fitowa daga bango kuwa aiki suke yi: indararo ne, suna watsa ruwan sama nesa da jikin gini don kada ya ci dutse, daidai da dalilin da ya sa muke sa namu.

Wanda ba zai hau ba, ya haye gada zuwa gaɓar kudu ya bi bakin kogi zuwa gabas har gadar Archevêché. Daga nan ake ganin madogaran da muka ambata, kamar haƙarƙari suna tokare da bango daga waje. Ƙananan tsinayen da ke kansu sun yi kama da zanko, amma ba ado kaɗai ba ne, nauyinsu na danne madogarin don kada turin rufi ya ture shi. Har yanzu ana aiki a wannan gefe, saboda haka ƙarafan magina na iya rufe wani sashe.

Daga wannan gada babban masallacin Paris bai fi tafiyar minti 20 zuwa 25 ba. Ka nufi titin Monge ka haura zuwa Place Monge, sai ka tambayi Place du Puits-de-l'Ermite. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yana da wurin alwala da sashen mata. A lokacin sanyi azahar, la'asar da magariba suna matse ne tsakanin wajen ƙarfe 1 da ƙarfe 5, don haka wanda ya shiga majami'a 8:30, ya hau hasumiya 10:30, zai isa masallaci kafin kiran azahar. Ranar Juma'a ka bar tsibirin tun 11:30, domin sahu na cika da wuri.